Kuɗin gwamnati da tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi

Duk shekara gwamnati takan karɓi kuɗi daga hannun jama'a ta hanyar haraji da kuɗin kwastan, ta haɗa da abin da ta samu daga mai ko ma'adinai da wanda ta ranto, sannan ta kashe. Wannan karɓa da kashewa ba ya barin mutane yadda ya same su. Wani gidan yakan biya kaɗan ya samu da yawa, wani kuma ya biya da yawa ya tashi a tutar babu. Idan abin da ke komawa ga talakawa ya fi abin da aka karɓa daga gare su, tazarar da ke tsakaninsu da masu hali takan ragu. Idan kuwa akasarin kuɗin ya zarce gidajen da dama can suna da shi, to kasafin ya ƙara faɗaɗa tazarar, ko da an kira shi kasafin talaka ranar da aka gabatar da shi a majalisa.

Saboda haka masana tattalin arziki ba sa tsayawa kan yawan abin da aka kashe. Sukan bi sawun kuɗin har su ga ƙofar gidan da ya shiga.

Yadda ake auna tazarar

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiran sa Gini, sunan wani masanin ƙididdiga ɗan Italiya, Corrado Gini, wanda ya fito da shi a 1912. Yana farawa daga 0 ya ƙare a 100. Sifiri na nufin samun kowa ɗaya ne, 100 kuma na nufin mutum guda ya kwashe komai. Babu ƙasar da ke kan ɗayan bakin biyu. Ƙasashen arewacin Turai suna ƙasa da 30. Afirka ta Kudu ta kai wajen 63 a 2014, tana cikin mafi girma a duniya. A ƙididdigar Bankin Duniya ta shekarun baya-bayan nan, Kamaru da Ghana sun haura 40, Nijar da Najeriya da Chadi kuwa suna tsakanin 30 da 40.

Akwai abin lura a nan. Ƙaramin adadin Nijar ba shaidar wadata ba ce, yawancin mutane ne suka yi kusa da juna a cikin rashi. Ban da haka, a ƙasashen Afirka akasari ana auna abin da gida ya ci ya kashe ne, ba abin da ya samu ba, kuma manyan attajirai ba kasafai suke zama su amsa tambayoyin ma'aikatan ƙididdiga ba. Tazarar ta gaskiya ta fi wadda ke kan takarda.

Don a gane aikin gwamnati, ana yin lissafin Gini sau biyu: na farko kan abin da mutane suka samu da guminsu ko dukiyarsu, na biyu bayan an cire harajin da suka biya, an kuma ƙara musu abin da gwamnati ta ba su, na kuɗi da na hidima kamar makaranta da asibiti. Bambancin adadin biyu shi ne abin da kasafi ya yi. Cibiyar CEQ ta Jami'ar Tulane a Amurka, wadda Nora Lustig ta kafa, ta yi irin wannan lissafi a ƙasashe masu yawa, ciki har da na Afirka. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF ko FMI, ya nuna a 2017 cewa a ƙasashe masu arziki haraji da kuɗin tallafi na rage tazarar da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma kashi uku bisa huɗu na ragin daga kuɗin da ake bai wa mutane yake fitowa, ba daga haraji ba. A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ragin bai wuce 'yan maki kaɗan ba. Dalili na farko shi ne asusun kansa ƙarami ne: UEMOA ta sa wa mambobinta burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, kuma yawancinsu ba su kai ba. Dalili na biyu shi ne inda ɗan abin da aka tara yake tafiya.

Tallafin man fetur

Babu misalin da ya fi nuna wannan kamar tallafin mai. Tsarinsa mai sauƙi ne: gwamnati ta ƙayyade farashin lita ƙasa da abin da ta ci, ta biya cikon daga baitulmali. Kowa zai saya a farashi ɗaya, shi ya sa yake kama da adalci. Amma rabon yana bin lita ne, ba kan mutum ba.

A ɗauki misali. A ce gwamnati na biyan cikon sefa 200 kan kowace lita. Babban ma'aikacin da ke da mota da janareto, yana ƙona lita 150 a wata, ya samu jika 30 ke nan daga asusun ƙasa ba tare da ya cike ko takarda ɗaya ba. Ɗan kabu-kabu yana shan mai shi ma, amma wani ɓangare na sauƙin yana wucewa ga fasinjojinsa. Manomin da ke zuwa kasuwa a amalanke sau ɗaya a mako bai ƙona ko lita ɗaya ba. Abin da zai taɓa shi sai ɗan sauƙin kuɗin mota da na kayan da aka yi jigila.

Wani bincike na ma'aikatan IMF da ya tattara bayanan ƙasashe masu tasowa 20 ya gano cewa kashi ɗaya bisa biyar na jama'a mafi wadata suna kwashe wajen kashi 43 cikin 100 na tallafin mai, kashi ɗaya bisa biyar mafi talauci kuma suna samun wajen kashi 7. Ninki shida ke nan. A kan fetur kaɗai, ban da kananzir da gas, rabon masu wadata ya haura kashi 60.

Najeriya ta daɗe a kan wannan hanya. A 2022 kaɗai kamfanin NNPC ya ce tallafin ya ci naira tiriliyan 4.39, wajen dala biliyan 10, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya a haɗe a kasafin shekarar. Ba duka ne ma ya isa gidan mai ba. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki tsarin a 2012 ya ce an yi asarar wajen dala biliyan 6.8 tsakanin 2009 da 2011, har da biyan kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba.

Duk da haka jama'a sun riƙe tallafin gam, kuma ba rashin sani ya sa ba. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141. Yajin aiki da zanga-zanga suka tsayar da ƙasar, daga Legas har Kano, sai da aka dawo da ita 97. Hujjar masu zanga-zangar ita ce man nan mai araha shi kaɗai ne abin da suke gani da ido daga arzikin ƙasarsu, alkawarin asibiti da hanya kuwa sun sha jin sa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Lissafin masana ya nuna cewa rabon talaka ƙarami ne, amma bai ce talaka ba zai ji zafin cirewar ba. Mai mota ne ya fi asarar kuɗi, wanda duk samunsa ke ƙarewa a abinci da kuɗin mota kuwa shi ya fi jin jiki.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Cikin kwanaki lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa wajen 500, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura 1,000 a Abuja. An kuma saki darajar naira a watan Yunin 2023, abubuwan biyu suka haɗu, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Tun a Yunin 2023 Bankin Duniya, wanda ya goyi bayan matakin, ya yi gargaɗin cewa ƙarin mutum miliyan 7.1 na iya faɗawa cikin talauci idan ba a rage musu raɗaɗi ba. Gwamnati ta sanar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, da rancen dala miliyan 800 daga bankin. An dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana, daga baya ya ci gaba a hankali. Farashi ya tashi a dare ɗaya, tallafin da zai maye gurbinsa kuwa ya ɗauki watanni. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, kuma ko cirewar za ta rage tazara ko ta ƙara ta ya dogara ne kan abin da gwamnoni suka yi da wannan ƙarin.

Abin da ya tsallaka iyaka

Tallafin Najeriya bai taɓa tsayawa a Najeriya ba. Shekaru da dama jarkoki na tsallakawa ta Illela zuwa Ƙonni, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Mubi zuwa arewacin Kamaru. A Nijar ana kiran masu sayar da shi a kwalabe 'yan ruwa-ruwa, a Garwa da Marwa ana ce wa man zuwa-zuwa, a Benin kuma kpayo. Wato baitulmalin wata ƙasa ne ke sauƙaƙa wa ɗan kabu-kabun wata ƙasa. A nan ma rabon ba ɗaya ba ne: manyan dillalan da ke da motoci da hanyar wucewa su ke da babbar riba, yaron da ke zaune da kwalabe a bakin titi kuma abin cefane. Da tallafin ya tafi, sana'ar ta durƙushe, masu saye suka koma gidajen mai. A Nijar, inda matatar SORAZ ta Damagaram ke tace ganga 20,000 a rana tun 2011, gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024. A Maris ɗin 2025 aka shiga ƙarancin mai da dogayen layuka har a Yamai, kuma ɗaya daga cikin dalilan da hukumomi suka bayar shi ne ƙafewar man da ke shigowa daga Najeriya ta bayan fage.

Kamaru tana da nata tallafin. Shugaba Paul Biya ya ce ya ci fiye da sefa biliyan 1,000 a 2022. A Fabrairun 2023 aka ɗaga lita daga 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma zuwa 840. An bar kananzir a farashinsa, wanda mataki ne da ya dace da gidajen karkara. Babban abin rage raɗaɗin da aka sanar a 2023 kuwa shi ne ƙarin kashi 5.2 cikin 100 a albashin ma'aikatan gwamnati da ɗaga mafi ƙarancin albashi. Mai albashi a ƙasar da yawancin mutane ke noma ko ƙaramar sana'a ba ya cikin na ƙasan layi. Ƙididdigar gidaje ta 2014 ta nuna talauci ya kai kashi 74 cikin 100 a yankin Arewa Mai Nisa, alhali a Duwala bai kai kashi 5 ba. Ƙarin albashi ya fi sauka a inda ofisoshi suke.

Tallafin wutar lantarki ma haka yake, ko ya fi. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a Chadi ba su kai haka ba. Duk sefar da aka zuba don rage kuɗin mita, gidan da ke da mita ta shiga.

Makaranta da asibiti

A kusan duk ƙasar da aka yi wannan lissafi, kuɗin makarantar firamare ne ya fi rage tazara. Gidajen talakawa sun fi yawan yara, masu hali kuma sukan kai nasu makarantun kuɗi, sai kaso mai tsoka ya faɗa wa na ƙasa. Da an hau sama sai abin ya juya. Ɗalibin jami'a guda yana cin kuɗin ɗaliban firamare masu yawa, ga kuɗin alawus da ɗakin kwana, kuma kafin a kai wannan mataki 'ya'yan karkara, musamman mata, sun riga sun zube a hanya. Wannan ba hujjar rufe jami'a ba ce, ƙasa na buƙatar likitoci da malamai. Amma gwamnatin da ke biyan alawus a kan kari don gudun zanga-zangar ɗalibai a babban birni, ta bar ajin zana a ƙauye ba malami, ta riga ta zaɓi wanda za ta yi wa hidima.

Ghana ta ba da misali mai kyau a 2005: da ta ɗaga farashin mai, sai ta soke kuɗin makarantar firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati, abin da iyaye suka gani nan take. A Satumban 2017 ta ƙara da babbar sakandare kyauta, ɗalibai suka ƙaru sosai, ko da yake kyautar ta haɗa har da 'ya'yan waɗanda dama za su iya biya.

Lissafin yana da rauni guda. Yana ɗaukar cewa idan an kashe jika 50 a kan yaro, yaron ya samu amfanin jika 50. Idan malamin bai zo ba, ko yaron ya gama aji shida bai iya karatu ba, takarda za ta nuna tazara ta ragu, alhali a gida ba abin da ya canza.

A fannin lafiya, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Cikin ɗan abin da ake warewa, manyan asibitocin birni kan ɗauki kaso babba, ɗakin shan magani na ƙauye ya samu saura. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tsakanin 2005 da 2006. Zuwan yara asibiti ya ƙaru, kuma matakin na cikin abubuwan da aka danganta da raguwar mutuwar ƙananan yara a shekarun da suka biyo. Matsalarsa ita ce jinkirin gwamnati wajen biyan asibitoci kuɗin da suka kashe. Inda bashin ya taru magani yakan yanke, uwa ta koma saye a kanti da kuɗinta.

Kuɗi a hannu

Hanya mafi kai tsaye ita ce a miƙa wa gidan talaka kuɗi. Brazil ta fara shirin Bolsa Família a Oktoban 2003, zamanin Lula da Silva. Ana biyan kuɗin ta kati, galibi da sunan uwa, bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi. A 2014 shirin ya kai gidaje wajen miliyan 14, kuɗinsa kuma a lokacin bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na arzikin ƙasar ba. Gini na Brazil ya sauko daga kusan 59 a 2001 zuwa kusan 52 a 2014. Ba shirin ne ya yi duka ba, ƙarin ayyukan yi da ɗaga mafi ƙarancin albashi sun fi shi tasiri. Abin da ya sa ake yawan ambaton sa shi ne yawan abin da ya yi da ɗan kuɗi kaɗan.

Afirka ta Kudu ta fi kowa a nahiyar nan. Tana biyan tsofaffi fansho ko ba su taɓa aikin albashi ba, kuma tun 1998 tana biyan tallafin yara wanda yanzu ya kai yara wajen miliyan 13. Binciken Bankin Duniya na 2014 ya nuna haraji da tallafi da hidimar ilimi da lafiya sun sauko da Gini ɗinta daga 77 zuwa 59. Ragi ne babba, amma ko bayansa tana cikin ƙasashe mafiya tazara, domin kasafi ba ya iya goge abin da rabon ƙasa da ilimi na zamanin wariyar launin fata ya bari.

A yankinmu shirye-shiryen ƙanana ne. Ghana na da LEAP tun 2008. Nijar ta fara nata a 2011 da taimakon Bankin Duniya, inda zaɓaɓɓun gidaje suka riƙa karɓar jika 10 a wata har shekara biyu. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2022 ya bi matan da ke cikin shirin na Nijar waɗanda aka ƙara wa horon sana'a da adashi, wasu da jarin jika 80 a dunƙule, ya kuma ga samunsu da abincin gidajensu sun ƙaru. Zargin cewa kuɗin hannu na sa lalaci bai samu goyon baya ba a yawancin binciken da aka yi a Afirka. Ainihin matsalolin su ne wajen zaɓe, da yawan waɗanda ake kaiwa gare su, da kuma dogaro da masu ba da agaji. A ƙauyen da kusan kowa talaka ne, ware gida talatin a bar saba'in yakan haifar da ƙorafi. Makiyayi mai yawo da ɗan ci-rani da wanda ke zaune a ƙasar da ba shi da takardunta su ne suka fi saurin faɗuwa daga rajista, kuma Hausawan zango a Kumasi ko na unguwannin Yawunde sun san abin da rashin katin shaida ke hanawa.

Haraji da bashi

Ba a gama lissafi sai an duba inda kuɗin ya fito. Ƙasashen yankin sun fi dogara da harajin kaya: TVA kashi 19 cikin 100 a Nijar, 19.25 a Kamaru, 7.5 a Najeriya. Irin wannan haraji kowa na biya a cikin farashin sabulu da sukari da katin waya, ko bai san ya biya ba. Binciken CEQ ya gano cewa a ƙasashe da dama Gini kan ragu bayan kasafi, amma talakawa masu yawa su ƙare da kuɗi ƙasa da wanda suka fara da shi, saboda harajin kayan da suka biya ya fi tallafin da ya iso gare su. 'Yan Nijar sun gane wannan tun Maris ɗin 2005, lokacin da aka faɗaɗa TVA zuwa madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe birane, gwamnati ta janye yawancin matakin.

Sai bashi. Kuɗin ruwa ake fara biya kafin a waiwayi komai, kuma yana tafiya ne ga bankuna da masu takardun lamuni na gida da na waje. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye wajen kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Najeriya. Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban shekarar. A 2023 hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe wa kuɗin ruwa fiye da abin da suke kashe wa ilimi ko lafiya. A ƙasashen Sahel an ƙara da kuɗin tsaro, wanda ya riƙa hauhawa tun bayan rikicin Mali na 2012 da yaɗuwar Boko Haram zuwa Diffa da arewacin Kamaru da tafkin Chadi. Bayan albashi da bashi da tsaro, abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin aji da ɗakin haihuwa da rijiya, kuma idan kuɗin shiga ya gaza a tsakiyar shekara, daga wannan ragowar ake fara yanka.